Yadda Rufus Ya Mai da Jirgin Hedimasta Hannun Dama

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, an yi wani mutum a Kafanchan, a unguwar ma'aikatan jirgi, mai suna Rufus Zamani. Shi dai ba ya waiwayowa sai an ce Injiniya. Iyakar abin da mutane suka sani, aikin da ya yi a tasha har ya yi ritaya shi ne huda tikitin fasinja. Amma in ka zauna da shi a gindin mangwaro zai ba ka labarin ranar da direba ya yi barci, shi ya karɓi kan jirgi ya kai shi har Inugu, da ranar da wani Bature ya cire masa hula ya ce da a ƙasarsu aka haife shi da sun huta. Ba wanda ya taɓa ganin Baturen nan. Matarsa Bernice, uwar 'yarsa Irene, takan ce ita dai tun da ta aure shi abu ɗaya ta ga ya gyara, zaman hularsa a gaban madubi.

Kafanchan garin jirgi ne, ko jariri ya san bambancin kukan jirgin Jos da na Fatakwal. To akwai wasu dattawa da jirgin gaske bai ishe su ba, suka koma tara ƙanana. Duk Asabar da la'asar sukan haɗu a barandar Malam Andrawus, tsohon hedimasta, su shimfiɗa 'yan dogo a kan siminti, su durƙusa kamar masu neman allura. Alhaji Sambo mai kantin yadi yana da jirgi mai batir. Fasto Kumai yana da na makulli, a murɗa ya tafi. Amma sarkinsu duka na Malam Andrawus ne, wanda suke kira Ɗan Tagulla. Tsawonsa bai fi damtsen mutum ba, ga shi da tukunyar ruwa ta gaske. A zuba ruwa, a kunna 'yar fitilar sifirit a ƙarƙashinsa, sai ya yi tururi ya ja taragu yana huci. Wani tsohon ɗan mishan ne ya bar masa shi da zai koma ƙasarsu, kuma Malam Andrawus ya fi kula da shi fiye da haƙoransa.

Rufus ba shi da jirgi ko ɗaya. Baki yake kawowa.

Bayan damina aka sauko da Ɗan Tagulla daga kan kabad, aka zuba ruwa, aka kunna wuta. Ruwa ya tafasa, jirgi ko motsi. Aka tura shi da yatsa, ya tsaya inda yatsa ya tsaya. Hankalin kowa ya tashi, don Fasto ya riga ya sanar a majami'a cewa ranar bikin godiyar kaka za a nuna wa jama'a jiragen, kuma har mutanen Fadan Kagoma sun ce za su zo kallo.

Rufus ya ɗaga jirgin, ya kara shi a kunne, ya girgiza kai.

"Ba kwa karanta jarida ne? Ƙasa gaba ɗaya ta koma hannun dama, wannan yana nan a hagunsa na Ingila. Ina kuke so ya bi?"

Alhaji Sambo ya ce, "Injiniya, jirgi ai kan dogo yake tafiya. Dogo ba shi da hagu, ba shi da dama."

"Alhaji, kai yadi ka sani. Yadin ma yana da fuska yana da baya."

"To ni nawa ai yana tafiya," in ji Fasto.

"Naka ɗan Jamus ne, Fasto, su dama can a dama suke."

"Nawa fa?" Alhaji ya sake tambaya.

"Naka batir ne. Batir ba ruwansa da dokar ƙasa."

Malam Andrawus ya ce gara a kai shi Kaduna a nemi mai gyara. Rufus ya dafe ƙirji, ya ce wannan cin fuska ne, a bar Injiniya a gida a tafi neman yaran da shi ya koya wa iyayen gidansu riƙe sufana. Ya ce ba gyara kaɗai zai yi ba. Ranar biki Ɗan Tagulla zai ɗauko kofin shayi tun daga bakin ƙofar makarantar da ke filin majami'a, ya kawo shi gaban Fasto, ya yi usur, ya tsaya cak, ko ɗigo ba zai zube ba. Ya yi ta magana har kunnen Malam Andrawus ya gaji. Tsohon ya naɗe jirgin cikin tawul, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Rufus, don Allah. Shi ke nan gare ni."

"Hedimasta, je ka yi barcinka. In ya dawo ba za ka gane shi ba."

Washegari da safe Rufus ya baje jirgin a kan faifan Bernice a tsakar gida. Kafin rana ta take, babu wani ƙarfe da yake manne da ɗan'uwansa. Yana cikin jera su, kazar maƙwabciyarsu Mero ta zo ta tsinci wani ɗan ƙaramin noti ta haɗiye.

Rufus ya ɗauki rariya ya bi kazar. Ta shiga lambu, ya shiga. Ta bi ƙarƙashin rumbu, ya kwanta rub da ciki yana leƙe. Duk inda ta tsuguna sai ya tara rariya. Da ta shige gidan Mero ya bi ta har bakin murhu.

"Baban Irene, lafiya kake bin kazata da rariya tun safe?"

"Kazarki ta haɗiye kayan Ingila. Jira nake ta dawo da shi."

"In ta dawo da shi sai ka sa hannu?"

"Aikin injiniya ba ya son ƙyama, Mero."

Mero ta kira mutanen gidansu su zo su gani. Kafin la'asar 'yan kallo sun kai bakin titi, kowa yana ba da shawara, wani ya ce a ba kazar man ja, wani ya ce a girgiza ta. Kaza kuwa ta haye katanga ta yi zamanta, ba ta ba da komai ba.

Da ya ga haka, sai ya jira Bernice ta tafi kasuwa, ya kwance noti ɗaya daga kekenta na ɗinki. Bai shiga ba. Ya kwance wani, shi ma bai shiga ba. Sai can ya dace da wanda ya shiga da taimakon guduma. Da Bernice ta dawo ta taka keken, kansa ya sunkuyo kamar mai gaisuwa, ya faɗo kan cinyarta.

"Baban Irene! Wa ya taɓa mini keke?"

"Aro na yi. Aikin Ubangiji ne."

"Ubangiji ne ya ce ka kwance mini keke?"

"Fasto ne ya sanar. Kusan ɗaya ne."

Ya ci gaba da aiki. Duk abin da ya samu a hagu ya mai da shi dama, na dama ya mai da shi hagu. Wanda ya ƙi shiga ya lanƙwasa shi. Akwai wani ɗan murfi a saman tukunyar mai sakin tururi idan ya yi yawa. Rufus ya ce wannan ɓarna ce, tururin da za a yi tafiya da shi ake zubarwa a iska, ya ɗaure shi tam da waya da robar tayar keke. Usur ɗin jirgin ya yi masa ƙanƙanta, ya ciro na bakin butar shayin Bernice ya liƙa. Da ya gama haɗawa, ƙarafa cike da murfin kwano suka rage a kan faifai.

Bernice ta nuna su da ludayi. "Waɗannan fa?"

"Almubazzarancin Turawa ne. Ba su da aiki."

"Kai ma in likita ya buɗe ka ya bar irin waɗannan a faranti, sai ka ce ba su da aiki?"

Aka zo gwaji, sai ya tarar sifirit ɗin da Hedimasta ya haɗo shi da shi ya ƙare wajen wanke hannu. Ya ce wuta ai wuta ce, ya ɗura kananzir ya ƙyasta ashana. Wani baƙin hayaƙi ya turnuƙe gidan, ya sauka kan farin ɗankwalin ƙungiyar Zumuntar Mata ta majami'a da Bernice ta shanya don ranar biki. Rufus ya sunkuya ya hura, wutar ta yi tsalle ta lashe girarsa duka biyu. Jirgi bai motsa ba.

Da yamma Malam Andrawus ya biyo jin labari. Ya daɗe yana kallon fuskar Rufus.

"Ina girarka?"

"Na aske. Tana tare mini gani."

"Jirgin fa?"

"Yana hutawa. Bayan babban aiki ba a son a dame shi."

Ana gobe biki Rufus ya zaga kantunan magani, kowa ya ce sifirit ya yanke sai mota ta zo daga Jos. Ya tsaya a bakin hanya yana tunani, sai dabara ta faɗo masa. A bayan kasuwa akwai wata mata, Angelina, mai sayar da ogogoro, barasar nan da aka ce in ta ɗiga a ƙasa ciyawa ba ta sake fitowa a wurin. Matsalar ita ce Rufus ɗan kwamitin ikilisiya ne, kuma Fasto Kumai ba ya yin wa'azi bai taɓo masu shan giya ba. Don kada a gane shi sai ya buɗe laima ya rufe fuska, da rana tsaka, ba hadari ko kaɗan. Duk wanda ya wuce sai ya leƙa ya ga wane ne wannan.

Angelina na ganinsa ta ɗaga murya. "Ah ah! Baban Irene! Yau kai ne a gidanmu? Ku ba shi benci!"

"Yi a hankali. Ba ni zan sha ba, jirgi ne zai sha."

"Duk haka suke faɗa. Jiya wani ya ce ƙafarsa zai shafa wa."

"Ina son mai ƙarfi, wanda yake kamawa da wuta."

"Kai, ashe tsohon hannu ne!" Ta juya ga masu zaman benci. "Kun ji? Mai kamawa da wuta yake so!"

Ya soke kwalbar cikin riga ya fito da laimarsa. Kafin ya isa gida labari ya riga shi.

Ranar biki filin majami'a ya cika maƙil. Ga doya an jibge, ga buhunan citta da acca, ga ƙwai a kwanduna, ga wani baƙin bunsuru da za a yi gwanjonsa an ɗaure shi a jikin sandar rumfar 'yan kwaya, mawaƙan majami'a. Aka jera bencinan makaranta aka shimfiɗa dogo a kai, tun daga ƙofar aji har teburin Fasto. Alhaji Sambo ya rufe kanti ya zo, ya kuma kawo abin da ya ɓata makonni yana yi a ɓoye: wani dutse na kwali da takardar siminti, an yi masa fenti sak Dutsen Kagoro, da rami a tsakiya don jirgi ya ratsa. Aka kafa shi can wajen ƙofar aji. Jirgin Alhaji ya shiga ya fito, aka yi tafi. Na Fasto ya shiga ya fito, aka yi guɗa.

Sai Rufus ya fito da farar riga da baƙar hular direba da ya aro. Inda gira take ya zana da gawayi, ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ya ajiye Ɗan Tagulla a tsakiyar dogo don kowa ya gani, ya ɗora kofin shayi a kan taragon baya, ya yi jawabi. Ya ce abin da za su gani yau ko a Ingila ba a taɓa yi ba, jirgi na farko a Afirka da aka mai da hannun dama. Ya juya wa jama'a baya, ya zaro kwalba ya tsiyaya, ya ƙyasta ashana.

Wata shuɗiyar wuta ta kama. Iska ta kwashi ƙamshin ta kai layin dattawa. Wani tsoho mai suna Dogara ya buɗe hanci ya lumshe ido.

"Wannan ƙamshi, na san shi."

Matarsa ta zungure shi da gwiwar hannu. "A ina ka san shi?"

"A wa'azi."

Fasto Kumai ya shaƙa, ya cire tabarau. "Ɗan'uwa Rufus, mene ne a cikin jirgin nan?"

"Sifirit ne, Fasto. Na gida."

"Na gidan wa?"

Daga can bayan taro aka ji muryar Angelina. "Nawa ne, Fasto! Mai kyau ne, ban sirka ba!"

Wuri ya ɗauki hayaniya, jirgi kuwa yana nan inda yake. Rufus ya ga idanu sun yi masa yawa, ya ƙara tsiyaya. Wuta ta yi sama. Tukunya ta fara ƙugi, jirgin ya soma rawa a kan dogo kamar mai zazzaɓi. Malam Andrawus ya hango wayar da aka ɗaure murfin tururi da ita, ya miƙe tsaye.

"Rufus, me ka ɗaure a nan? Kashe wutar!"

"Zauna, Hedimasta. Ƙarfi yake tarawa."

Usur ɗin buta ya tsala ihu. Bernice, da ke tsaye cikin Zumuntar Mata da toka-tokan ɗankwali, ta ce, "Wannan ai butata ce!"

Sai aka ji ɗau! Wani dunƙulen busasshen laka ya fito daga bututun hayaƙi kamar harsashi, ya daki ƙarfen da ake bugawa a kira sujada, ya yi ƙara. Ashe gidan zanzaro ne ya toshe bututun tun da damina, ciwon jirgin ke nan tun farko. Hanya na buɗewa Ɗan Tagulla ya zabura.

Da baya.

Fasto ya riga ya miƙa hannu zai karɓi shayi, sai ya ga shayinsa yana nisa. Jirgi ya nufi ƙofar aji da gudun da ba a taɓa ganin ya yi ba, yana ihu da muryar buta, Rufus na biye da shi yana cewa, "Birki! Birki!" kamar akwai wani a ciki. Ya afka ramin dutsen Alhaji, usur ɗin buta ya maƙale a rufin, ya tumɓuke dutsen gaba ɗaya ya tafi da shi a ka. Takardar siminti ta kama wuta.

"Dutsena!" in ji Alhaji Sambo. "Inna lillahi, dutsena yana gudu!"

Dogo ya ƙare, jirgi bai ƙare ba. Ya diro daga benci, kofin shayi ya tashi sama ya sauka cikin kwandon ƙwai. Jama'a suka ga Dutsen Kagoro yana ci da wuta yana tsere a tsakiyar fili yana kuka, kowa ya kama gabansa. Mata suka tattare zannuwa suka haye bencina. Baba Dogara, da aka kawo shi a bayan keke saboda ciwon gwiwa, shi ya fara isa bakin titi.

Dutse ya bi ta ƙarƙashin bunsuru. Bunsuru ya ji zafi a ciki, ya yi tsalle ɗaya ya fizge sandar rumfa. Rumfa ta rufto kan 'yan kwaya, waɗanda suka ɗauka alama aka ba su, suka kama waƙa daga ƙarƙashin zana. Bunsuru ya ja sandar ya share tulin doya, doya ta gangara ta kwashe ƙafafun Rufus, ya zauna daɓas cikin ƙwan da suka rage. Ɗan Tagulla kuwa ya ci karo da babbar robar kunun da aka ajiye a ƙasa, ya kifar da ita a kansa, ya yi wani dogon tsaki, ya yi shiru.

Malam Andrawus ya taka a hankali, ya durƙusa cikin kunu, ya ɗago jirginsa. Ya yi baƙi ƙirin, bututu ya karkace, tsakin gero na ɗiga daga ƙafafunsa. Ya goge shi da bakin rigarsa ta zuwa sujada. Jama'a suka dawo suka kewaye Rufus. Gumi ya wanke girar gawayi ta gangaro har haɓa.

Rufus ya ɗaga yatsa daga cikin kwando. "Tambaya ɗaya. Ya tafi ko bai tafi ba?"

"Da baya ya tafi!" in ji taro.

"To ai ku ne kuka tsaya ta gurguwar fuska. Jirgin hannun dama, da Fasto ya zauna a wancan gefen, da yanzu yana shan shayinsa."

Fasto ya ce kwamiti zai zauna a kan maganar kwalba. Bernice ta ce kafin kwamiti ya zauna ita za ta fara zama da shi, ta kama shi da wuyan riga ta yi gida da shi, gwaiduwa na bin ƙafar wandonsa.

Sai da dattawan nan uku suka shafe Asabar da yawa a baranda kafin Ɗan Tagulla ya dawo hayyacinsa. Bernice ta kawo musu ragowar ƙarafan cikin gwangwanin madara. Suka mai da na hagu hagu, na dama dama, Alhaji na riƙe tocila, Fasto na karanta 'yar takardar da ta zo da jirgin, Hedimasta na ɗaurawa. Ranar da ya sake tafiya, gaba kuma, Malam Andrawus ya juya ya share ido.

A ranar ce Rufus ya dawo, ya tsaya a bakin baranda da hula a hannu. Fasto ya ce Littafi ya ce a yafe. Malam Andrawus ya ce ya yafe, amma hannun Rufus ba zai ƙara taɓa ko taragon wani ba har abada. Alhaji Sambo ya ce shi bai ƙi ba, sai dai an ƙone masa dutse, kuma jirgi ba ya daɗin kallo in ba ramin da zai shiga.

Suka dubi juna, sannan suka dubi Rufus, mutum dogo mai faɗin riga.

Tun daga ranar, duk Asabar da la'asar, in ka bi ta gidan Hedimasta za ka ga Rufus Zamani ya durƙusa da hannu da gwiwa a kan dogo, an lulluɓe shi da koren yadi daga kantin Alhaji, jirage na shiga ta damansa suna fita ta hagunsa. In Ɗan Tagulla ne zai wuce sai ya ɗan ɗaga ciki saboda zafi.

Wata rana wani baƙo daga Nok ya tsaya kallo, ya sunkuya ya tambayi kan da ya leƙo daga ƙarƙashin yadin, "Baba, kai kuma mene ne aikinka a nan?"

Rufus ya dube shi sama da ƙasa.

"Ƙarin girma aka yi mini. Yanzu duk jirgin da ka gani a wurin nan, a ƙarƙashina yake."